Hannun Hagun Ƙasimu Mahauci

Shekara arba'in yayana Ƙasimu yana fawa a kasuwar Gwaram, ban taɓa ganin ya sayar da ƙwaƙwalwar saniya ba. Tsoka ta masu saye ce, ƙwaƙwalwa tasa ce, haka ya taras da mahaifinmu yana yi. Duk ranar kasuwa matarsa Ummussalma za ta soya masa ita da man shanu, ya haɗa da tozo, ya suɗe kwanon tas.

"Kubra, mai cin wannan ba ya mantuwa," haka yake ce min. Ni ce Kubran, ƙanwarsa. Ban musa masa ba kuwa, don ya kalli sa a tsaye ya faɗi nauyin namansa, bai taɓa kuskure ba.

Wata ranar kasuwa da azahar, yana tsakiyar yanka, sai ya tsaya cak yana kallon tebur.

"Wa ya ajiye hannu a cikin namana?"

Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Ya taɓa hannunsa na hagu da bayan wuƙa ya ce, "Na mutum ne. Da ɗumi ma."

Aka kawo shi gida yana jan ƙafa, baki ya ɗan karkace. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ni kuma, uwar iya, na ce kai ne ya taɓu, a ƙara masa ƙwaƙwalwa. Safe da yamma muke ɗura masa. Sai ya cinye ɓarin dama na kwanon, ya ce ya ƙare. In na juya kwanon ya ce, "Wa ya ƙaro?"

Rana ta tara da hantsi na shiga na same shi ya danne dutsen washi da gwiwa, yana wasa wuƙa a natse.

"Yaya, me za ka yanka?"

"Hannun nan zan cire in mayar wa mai shi. Kwana tara yana kwana a kaina, ba wanda ya zo nema."

Na kurma ihu. Da ƙyar muka ƙwace wuƙar. Ranar 'yarsa Najiba ta taso daga Sara, ta yi mana tatas, ta ɗauko mota sai asibiti a Birnin Kudu.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kitsen jini, wanda suke kira kolestarol, ya haɗu da hawan jini ya toshe wata jijiya a kansa. Na ce to ba kitsen ne abincin ƙwaƙwalwa ba?

"Tana buƙatarsa, Inna, amma da kanta take haɗa nata. Wanda ya yi yawa a jini, jijiya yake toshewa. Yaushe abin ya fara?"

"Kwana tara," in ji Najiba.

"Me kuke ba shi?"

Ƙwaƙwalwar saniya muke ɗura masa, safe da yamma. Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba.

Yanzu yana gida, yana shan magani, abincinsa tuwo da miyar kuka ba mai. Mun kwashe wuƙaƙen gidan kaf, amma mahauci ne, ko murfin gwangwani ya samu ya ishe shi. Don haka kullum nake zama a hagunsa, na riƙe hannun a cinyata. Duk abin da ke wannan ɓarin, a wurinsa babu shi.

Jiya abokan fawarsa suka zo dubiya. Ina zaune, kafaɗata na gogar tasa, na ji ya ce musu, "Kowa ya zo, ban da Kubra. Tun da na kwanta ko leƙo ni ba ta yi ba."