Hannun Hagun Da Ya Kayar Da Ni A Kpalime

Shekarun baya, kamar uku ke nan, ina ɗan sha huɗu, in ka tambaya a layinmu na Zongo a Lome wa ya fi kowa tsalle da babur, ni zan fara ba ka amsa kafin kowa ya buɗe baki. Kawuna tsohon ɗan tseren motokuros ne, tseren nan da ake yi cikin turɓaya ana haye tuddai. Da gwiwarsa ta gaji sai ya buɗe garejin gyaran moto, ya bar mini wani ƙaramin babur ɗin tsere. Duk Lahadi muna wani fili bayan Adidogome ina tashi sama. A bakina nakan kai mita goma. A hoto kuwa, kaza sai ta sunkuya kafin ta wuce ta ƙarƙashina.

Ranar da na karye a kafaɗa, mahaifiyata ta yanke hukunci: ba ni ba inji. Kawu ya ɗaure babur ɗin da sarƙa a bayan gareji. Wata huɗu ina yawo a ƙafa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Akwai wata 'yar ajinmu da babanta ke da ƙungiyar masu keke. Ba keken zuwa kasuwa ba. Sukan loda kekunan a mota su tafi duwatsun Kpalime, su hau can sama, su sako gangara a guje ta cikin daji. Ta nuna mini bidiyo a waya, na taɓe baki.

"Wannan ai babur ne da ba a gama haɗawa ba," na ce. "Mu 'yan moto, da barci ma za mu sauko."

"To Shampiyon, Asabar akwai wuri a mota."

Na yi kwana uku ina bin mahaifiyata daga ɗaki zuwa kicin, ina rantsuwa keke ba shi da inji. Daga ƙarshe ta ce, "Je ka. Amma ka dawo mini da wata karaya, ko baro ba za ka sake turawa ba."

Baban yarinyar, wanda duk muke ce wa Tonto, ya ba ni keken ƙungiya, guda ɗaya tak da suke ara wa baƙo. Ya faɗa mini dokarsu: sau biyu ake gwada mutum. Ya sauko har ƙasa bai faɗi ba, ya zama nasu. Ya kasa sau biyu, a ba wani keken. Ya soma yi mini bayanin birki, na ce, "Tonto, a kan birki aka yanke mini cibiya." Ya dube ni, ya bar bayanin.

Farkon gangaren daɗi ya kusa kashe ni. Saiwoyi, duwatsu, ramuka, duk na san yadda ake karanta su. Na wuce mutum biyu, har ina juya hannun dama ina neman totur ɗin da babu. Sai ga wata kwana mai kaifi, gonar ayaba a ƙasanta. A babur, hannun hagu kuloci ne, in ka zo kwana za ka rage giya sai ka damƙe shi. Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya damƙe da yatsu huɗu. A keken nan kuwa hagu birkin gaba ne.

Keken ya tsaya. Ni ban tsaya ba.

Na daɗe a sama, har na hango tekun Lome da jiragen da ke jiran shiga tasha. Shi ne tsalle mafi tsayi da na taɓa yi, kuma ba da abin hawa ba. Na dira cikin ayaba, wando ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa. Allah ya kiyaye, ƙashi bai motsa ba. Yarinyar ta tsaya, ta tabbatar ina numfashi, sannan ta ce, "Shampiyon, barcin ne ya ɗauke ka?"

Na roƙi Tonto ya sauya mini wayoyin birkin, na gaba ya koma dama kamar na babur. Ya ce a'a. "Keken kowa ne. In sauya maka, gobe wani ya hau ya faɗi irin taka? Hannunka za ka sauya. Saura gwaji ɗaya, bayan sati shida."

A gida na ce ƙusa ce ta kama wandon. Mahaifiyata ta ciro guntun ganyen ayaba daga bayan kunnena, ta ajiye mini a tafin hannu, ta koma kan tukunyarta. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je gareji. Kawu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Da ya gama ya ce, "Ɗan nan, ko ni aka ɗora, abin da zan yi ke nan. Shekara nawa hannun nan yana aiki ɗaya." Ya yanko robar tsohon tub, ya ɗaure mini yatsu uku na hagu a jikin kan wani tsohon keke, ya bar manuniya kaɗai. "Da wannan za ka taɓa birki. Taɓawa na ce, ba shaƙewa ba."

Matsalar ita ce Lome shimfiɗe take kamar tabarma. Gangara ɗaya na samu mai ɗan mutunci, wadda ke sauka bakin tafki ta wajen Hanukope. Kullum bayan sallar asuba ina can, kafin 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, su cika titi. In hau, in sauko, in taɓa birki. Wata mai sayar da koko a ƙasan gangaren ta ƙirga ni kwana biyu, rana ta uku ta ce, "Ɗana, me ka yar a nan da ba ka samu ba?" Cinyoyina suka yi tsami har ruku'u sai da dabara. A babur inji ke yi maka aiki. A nan in ka kashe gudunka a kwana, ba wanda zai mayar maka, sai ƙafarka.

Ranar gwaji na biyu ban yi surutu a mota ba, har Tonto ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na hau keken ƙungiya, ba robar Kawu a yatsuna. Da na hango ayabar nan, na ji yatsun hagu suna miƙewa da kansu. Na ce musu da ƙarfi, "Ku zauna." Na matse su a jikin kan keken, manuniya ta taɓa birki kaɗan, dama ta riƙe na baya. Na kwantar da keken, na ɗaga ido can inda zan fita kamar yadda Kawu ya koya mini a turɓaya. Tayar baya ta ɗan zame, ta kama. Na fita.

Mu tara muka sauko, ni ne na bakwai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda na wuce tayarsa ce ta fashe. Tonto ya zagaya ni, ya duba gwiwa, ya duba gwiwar hannu, bai ga ƙasa ba. Ya ce, "Asabar mai zuwa kai za ka wanke keken. Ka zama namu, kai ke hawansa."

Har yau in yaran layi suna musu ko gwanayen motokuros za su iya tseren gangara da keke, ni ake kira alƙali. Nakan ce za su iya, don ido da ƙarfin zuciya iri ɗaya ne, kuma a tsalle ba mai kama su. Amma abin da ka fi iyawa a can, shi ne zai fara cin amanarka a nan, kuma ba ya fita da baki, sai da maimaici. Ni sati shida ya ɗauke ni. Mahaifiyata har yanzu sai ta sa na juya a gabanta duk Asabar da yamma, ta latsa kafaɗa, ta latsa haƙarƙari, sannan ta ba ni abinci.