Moɗa Mai Jan Zare

Jiya a aji ina koyar da wani tsohon littafin Amurka, inda aka liƙa wa wata mata jan harafi a ƙirji don ta yi cikin shege, mai cikin kuwa yana can yana wa'azi. Wata ɗaliba ta ce Turawa ba su da imani. Nan take marigayiya Gwaggo ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Yalwawa mun zauna da wata bazawara 'yar'uwarmu da ta haihu ba aure. Matan gida suka ware mata moɗa, suka ɗaura mata jan zare, aka rataye nesa da randa. Mai cikin kuwa, kowa ya san shi, in ya zo tabarma ake shimfiɗa masa a zaure, a kai masa ruwa a kofin gilashi.

Wata azahar Gwaggo ta dawo daga unguwa, tana ƙamshin man shanu. Ta wuce moɗarmu, ta ciro mai zaren, ta kamfaci ruwa ta sha har yana bin haɓarta.

Na ce, "Gwaggo, ta wance ce fa."

"Na gani, ai ban makance ba. Ungo, sha."

Na ce ba na jin ƙishi. Ƙarya nake.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya shayar da ita ruwan Alkausara. Ni kuma ya yafe mini ƙishin da na ɓoye ranar.