Shafukan da Baba Ya Ɗinke da Keke

Ranar wata Lahadi ce cikin watan Satumba na shekarar 2004, ana gobe za mu koma makaranta. Ruwa ya kwana biyu yana zuba a Jos, irin mai zuwa da ƙanƙara ya bar mutum yana rawar sanyi cikin suwaita biyu. Ina zaune a kan benci a shagon Baba da ke ƙofar gidanmu a unguwar Ali Kazaure, ina miƙa masa littattafaina ɗaya bayan ɗaya. Al'adarsa ce duk farkon shekarar karatu ya yi musu bango da takardar buhun siminti, ya bi gefen da keken ɗinki, domin a cewarsa littafin da ba a ɗinke ba ba ya kai wa ƙanne. Ƙanne kuwa ina da su har huɗu, duka mata. Da ya zo kan littafin kimiyya na aji uku na ƙaramar sakandare, sai ya tsaya yana kallon hotuna, don Turancinsa bai wuce na awo da sunayen yadi ba. Ya wuce hoton masara, ya wuce na ƙasusuwan mutum, sai na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya rufe littafin da sauri kamar wanda ya faɗa ɗakin surukarsa ba sallama. Ya ce "A'uzubillahi," ya sake leƙawa da ido ɗaya, sannan ya haɗa wasu shafuka wuri guda, ya sa ƙarƙashin allura ya taka keke. Sama, gefe, ƙasa, da baƙin zare, ɗinki tsaf irin na bakin aljihu. Ya miƙo mini ya ce, "Wannan wurin sai kin girma." Ni a lokacin ban ma san abin da ke ciki ba.

Gidanmu ƙarami ne, ɗaki uku da rijiya a tsakar gida, da ɗan fili a baya inda Baba ke shuka masara da kabeji. Maƙwabta suna kiransa gidan 'yan mata, kuma ba su yi ƙarya ba. Da safe ni ke jan ruwa, hannu na ƙandarewa a jikin igiyar guga, Zainab mai bi mini ta hura gawayi, tagwaye su yi shara suna faɗa kan tsintsiya, Ummi kuma tana goye. Da yamma mu feraye dankalin Turawa, in an gama mu zana 'yar gala-gala a bakin rijiya, ko mu baje duwatsun carafke har a kira magariba. Baba ya kan haɗa mana riguna da ragowar yadin mutane, mu fito mu biyar kamar an yanko mu daga atamfa ɗaya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kanmu ba. Mai ƙorafin ita ce Kaka, mahaifiyarsa, wadda ke ɗakin kusurwa. Tana son mu, wannan ba na musu, ita ke ɓoye mana ƙuli-ƙuli a bakin zane. Amma in ta ji ƙarar keke daga shago sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Oh ni, ko wa zai gaji wannan keken?"

Haihuwar Ummi ta kusa tafiya da Mama. Ta zubar da jini sosai, ta yi kwanaki a asibiti, kuma ni na wanke zannuwan, don haka ba labari aka ba ni ba. Likita ya ce ta huta da haihuwa haka nan, wani cikin zai iya zama ajalinta. Kaka ta saurara ta gyaɗa kai, amma tana da nata bayanin. A wurinta mahaifar Mama ce ta kwanta ta ɓangaren mata, kuma abin da ya kwanta ana iya juya shi. Ta samo wasu sassaƙe da saiwoyi wajen wata tsohuwa a Laranto, ta jiƙa a tukunyar ƙasa. Kowace safiya aikina ne in tace jiƙon da rariya in kai wa Mama a kwanon sha. Baƙi ne wuluk, warinsa kaɗai na tayar da zuciya. Mama ta kan rufe ido ta shanye, ta kifa kwanon, ta ci gaba da aiki kamar ruwa ta sha. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ita ma ta yarda laifin jikinta ne. Na ji ta da kunnena tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa da zarar ta yaye Ummi za ta gwada sau ɗaya, ko Allah zai sa ta fita kunyar gidan. Tun daga ranar nake tsoron yayen Ummi, in na ga ta ci tuwo da yawa sai gabana ya faɗi.

Kuma ba ni da bakin magana, saboda ni ce 'yar fari. Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda iyaye mata na wancan lokacin suke kunyar ɗan fari. "Ke" nake, ko "waccan," in ta matsu ta ce wa Zainab, "Gaya wa yayarki." Ba ma haɗa ido, ba ma zama tabarma ɗaya. Yarinyar da ba a ambaton sunanta ina za ta samo fuskar yi wa uwarta zancen haihuwa?

Sai a zango na biyu muka iso wurin ɗinkin. Malamar kimiyyarmu, Malama Kangyang, 'yar Birom ce, gajeriya mai faɗin murya, daga Jos Jarawa take zuwa kullum da lema a hammata. Ajinmu haɗe yake, Musulmi da Kirista, maza a dama mata a hagu. Ta ce a buɗe babin haihuwa. Aji ya ɗauki ƙus-ƙus, ni kuwa na buɗe na tarar da aljihun Baba. Ta zo wucewa ta gani, ta ɗaga littafin sama tana juya shi, aji ya tuntsire da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta tambayi wanda ya yi, na ce Babana ne. Ta shafa zaren da yatsa ta ce da Hausarta ta 'yan gari, "Kai, babanki ta iya ɗinki fa!" Wani yaro ya miƙo reza, ta daka masa tsawa. Ta mayar mini da littafin yadda yake ta ce wanda ya ɗinke shi ke da ikon warwarewa, in dubi allo kawai.

Ta ɗauki alli ta zana, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta zana mahaifa kamar fiya a kife, ta dunƙule hannu ta ce girmanta ke nan, amma tana iya buɗewa ta ɗauki jariri. Ta ja bututu biyu hagu da dama, a ƙarshen kowanne ta yi ɗan da'ira, ta ce nan ne ma'ajiyar ƙwai, duk wata ƙwai ɗaya ke nuna ya biyo bututu. Mahaifa kuma sai ta yi shimfiɗa ta jini tana jiran baƙo, in bai zo ba ta naɗe shimfiɗar ta zubar, shi ne haila. Rabinmu mun riga mun fara, amma ranar muka fara jin cewa ba ciwo ba ne. Da ta koma zanen namiji sai mazan ajin, waɗanda ɗazu ke zungurin juna, suka koma kallon silin. Ta nuna 'ya'yan maraina inda ake yin iri, ta ce an rataye su a waje ne don ba sa son zafin cikin jiki, ta bi hanyar da irin ke bi da alli har ya fita. Mu mata muka ja hijabi muka rufe rabin fuska, amma kunne a buɗe. Can wajen ƙarshe ta faɗi abin da ya sa na saki hijabin. Ta ce ƙwan mace duk iri ɗaya ne, babu na maza babu na mata. Irin namiji ne kashi biyu, kuma wanda ya riga isa ga ƙwan shi ke sa a haifi mace ko namiji, ba da zaɓin uban ba balle na uwar. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ga hannuna a sama. Na tambaya ko akwai maganin da ke juya mahaifa ta koma haihuwar maza. Ta dube ni ta ɗan jima, ina jin ta gane ba don jarrabawa nake tambaya ba. Ta ce, "Babu, yarinya. Ko ta sha drom guda."

Na dawo gida da magana a baki ba wurin ajiye ta. Kwana uku ina tace jiƙo ina kai wa Mama. A na huɗu na ce bari in tabbatar ba Malama ce ta ƙara gishiri ba. Na zagaya filin baya wajen masara da rezar feraye farce, na tsinke zaren Baba ɗaya bayan ɗaya. Ga zanen nan, ga kuma maganar a ƙasan shafi na ƙarshe, baƙi a kan fari. Na karanta har na haddace, sannan na ɗauko allura da baƙin zare na mayar da ɗinkin, ina bin ramukan da keke ya huda. Na duba na ce ko aljani ba zai gane ba. Na manta 'yar wa nake.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya ce a kawo littattafai ya ga waɗanda bangonsu ya yage. Yana ɗaukar na kimiyya ko buɗewa bai yi ba, babban yatsansa kawai ya bi gefen. Ya sallami ƙannena ya ce, "Rabi'atu, zauna." In ya cika sunan haka, to magana ta girma. Ya ce ɗinkin keke zare biyu ne, na hannu ɗaya, me na je nema? Na fashe da kuka, na ce saboda Mama ne da maganin Kaka. Na zaci zai ɗauko tef ɗin awo ya zabga mini. Sai ya sa almakashi ya yanke ɗinkina, ya ɗauki wani ƙyallen shadda shuɗi ya shimfiɗa a kan zanen ya rufe shi ruf, ya bar rubutun kawai. Ya juya fuska wajen titi ya ce, "Karanta mini wurin. Da Hausa." Na karanta kaina a ƙasa, ina laluben kalmomin da 'ya za ta iya faɗa a gaban ubanta. Na ce iri, na ce ƙwai, na ce daga wajen namiji abin yake. Ya ce in sake, na sake. Ya tambaya ko Malama ma haka ta ce, na ce haka ta ce. Ya daɗe ƙafarsa na kan feda bai taka ba, sannan ya ce in je in taya uwata aiki.

Washegari na tace jiƙo kamar kullum. Kaka na zaune bakin ƙofarta tana jan carbi tana lura, Mama ta miƙo hannu, sai ga Baba ya shigo daga shago, abin da ba ya yi da safe. Ya karɓe kwanon daga hannuna, ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Inna, ashe shekara guda ana ba gona magani, alhali ba gona ke zaɓen iri ba. Haihuwa ta Allah ce, amma in akwai mai shan wannan a gidan nan, ni ne." Ya kafa kai ya shanye tas. Fuskarsa ta yamutse, idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari har hularsa ta faɗi. Kaka ta saki carbi tana salati tana cewa, "Kai Sani, na mata ne! Za ka kashe kanka?" Tagwaye suka ruga bayan rijiya suna toshe baki. Bai yi gardama da ita ba, Baba bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Gobe ma ya zo ya shanye, jibi ma haka, har ya wuni yana zarya bayan gida ɗinkin mutane na jira. A rana ta huɗu Kaka da kanta ta ɗauki tukunyar ta juye a gindin masara, tana mita cewa ba za a nakasa mata ɗa tana kallo ba. Mama kuwa, a kwanakin nan na gan ta a madafa tana goge ido da bakin zane, kuma itacen ranar ba ya hayaƙi. Aka yaye Ummi lafiya, ita ce kuma ta zama auta.

Yau 'ya'yana suna ganin abin da ya fi wannan zanen a waya kafin in ankara, babu shafin da zan iya ɗinkewa. Garin ma ya sauya, tun rikice-rikicen da aka yi unguwannin Musulmi da na Kirista sun ja baya da juna, ban san inda Malama Kangyang take ba, kuma ina son in gode mata. Keken Baba yana wajen Zainab, ita ta gaje shi, ta fi shi ma iya aljihu. Bayan rasuwarsa, da muka taru mu biyar muna gyara ɗaki, Mama ta buɗe akwatinta ta zaro wani abu daga ƙarƙashin zannuwan aurenta. Littafin ne, da bangon siminti da ramukan allura, ƙyallen shaddar na nan a inda Baba ya shimfiɗa shi. Ita da ba ta karanta Turanci ko harafi ɗaya, ta adana shi shekaru goma sha. Ta miƙo mini tana kallon gefe ta ce, "Ke, karɓi abinki." Har yau ba ta kira sunana ba, amma tana raye, kuma ni wannan ya ishe ni.