Ƙoƙuna Biyu a Bakin Kanal

Mu tagwaye ne, ni Usaina da 'yar'uwata Hassana. A ƙauyenmu na kusa da Kura ba mai wahalar da kansa ya bambance mu. Atamfa ɗaya ake yanka mana, kira ɗaya ake yi: "Ke 'yan biyu!" Hassana ko a jikinta. Ni kuwa abin na ci mini rai.

Ranar da Baba ya ba Hassana tukuicin shinkafar da ni na yini ina korar wa tsuntsaye, na ƙi cin tuwo. Bayan magariba kakarmu Iya ta jawo ni bakin murhu.

"Kumbura ba ya hana jin tatsuniya," in ji ta. "Ga wata nan tafe."

Wai wasu ƙoƙuna biyu ne suka tsiro a jikin ruɓaɓɓen icce. Dangin laimar kwaɗi ne, amma su sama suke kallo, jajaye, ba su fi farcen yatsa ba. Kwaɗo ya wuce a guje ya ce iri ɗaya ne. Tururuwa kuwa ta hau kowanne. Ta tarar ɗaya sumul yake, ɗayan duk dogon gashi, har ya soke ta. Da rana ta ƙwalle, kwaɗo ya leƙa mai sumul, ya ga ba ruwa, ya tafi da ƙishinsa. Tururuwa ta koma wa mai gashin, ta sha raɓar da ya riƙe.

"Ƙarya ce, Iya," na ce.

"To, gobe idonki zai ba ki."

Da safe ta kai mu bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ta ɗaga wani jiƙaƙƙen kututture. Ga su nan kuwa! Sai da na durƙusa hancina ya kusa taɓa laka kafin na ga bambancin. Iya ta ce, "Mai sauri ne ba ya gani. Laifin ba na ƙoƙon ba ne."

Bayan shekaru idonta ya tafi. Mun zo gaishe ta daga gidajen aurenmu, na riga Hassana shiga, ban ko yi magana ba. Ta kama hannuna, ta shafa, ta yi dariya.

"Mai gashin ce. Har yanzu kina suka?"

Kuka na yi, na daɗi. Har yau na gode wa Allah da ya ba ni mutum ɗaya da ta durƙusa ta dube ni. Yanzu ni malamar makaranta ce, yaran ajina sun fi benci yawa, amma ban taɓa ce wa ɗaya "kai yaro" ba.