Ɗanɗanon Dodo Mai Balangu

Dodo mai balangu na unguwar Gawon Nama ya gaji abu biyu wurin mahaifinsa, wuƙa da wata al'ada. Ba ya miƙa wa mai saye nama sai ya yanki ɗan tozo, ya dangwali gishiri da yaji, ya jefa baki a gabansa. A cewarsa, mahaucin da ba ya cin namansa, akwai abin da ya sani.

Da can masu saye ba sa wuce goma a yini. Sai aka yi Udoji, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka. Akawu da masinja kowa ya sayi babur, kowa ya gano da ma jikinsa nama yake so da azahar. Masu saye suka kai ɗari, Dodo kuwa bai tauye wa ko ɗaya haƙƙinsa ba. Wuyansa ya ɓace, tumbi ya fara riga shi shiga masallaci.

Wata Laraba ya yanke jiki ya faɗi wurin alwala. Likita ya ce hawan jini ne, zuciya ta gaji, ko ya bar kitse da gishiri ko ta bar shi. Matarsa Kulu ta tsorata ƙwarai, domin ta haka surukinta, mahaifin Dodo, ya rasu, da wuƙa a hannu. Ta daina sa gishiri a miya. Dodo ya riƙa lashe kwanon lami ba ƙorafi, tumbi kuwa ko gezau.

"Maigida, mi likita yac ce maka?"

"In bar cin kitse. Na kau bari."

"To wanga da kaka jefawa baki wurin sana'a fa?"

"Wanga ɗanɗano na, Kulu. Aiki na, ba ci na ba."

Kulu ta ɗauki mayafinta ta fita. Ita dai ba ta fashin suna ko biki, kuma kowane mai sayen nama yana da mata. Cikin wata guda, daga Gawon Nama har Mabera, saƙonta ya isa inda ta aike shi.

Jinaidu akawu ne ya fara, mutum mai kunya kamar amarya. Dodo ya ɗaga tozo zai kai baki, Jinaidu ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ya wafce ya haɗiye. Na bayansa ma haka, har la'asar.

"Kuɗi sun ɓata mutane, Kulu," in ji Dodo da ya dawo. "Nama aka wafce mani a hannu."

"Zamani na," ta ce, ta tura masa tuwo.

Shekara bakwai ana wafce wa Dodo ɗanɗano. Kullum sai ya yi tsaki, kullum sai ya sake yanka. Wuyansa ya dawo, ya aurar da 'ya'ya uku, ya ga jikoki.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke Kulu. Dodo ya yi kuka, bai ɓoye ba. Bayan sadakar bakwai ya hura wuta, Jinaidu ne mai saye na farko. Dodo ya yanki tozo, ya dangwali gishiri, ya ɗaga. Tausayi ya hana Jinaidu motsi.

Dodo ya daɗe riƙe da naman a sama, yana jira.

"Amshe mana, Jinaidu," ya ce. "Rasuwa tay yi, ba janye magana tay yi ba."