Dish a Kan Karafan ɗin Kawu Gwadabe

A unguwarmu ta Bagdadiyya a Jidda, lokacin muna yara, in aka ji muryar mace daga tagar wani bene tana cewa, "Dama kaɗan, Malam. Ka wuce, dawo," kowa ya san Kawu Gwadabe yana saman rufi. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Garinsu ɗaya, can wajen Bichi, shi ya sa muke ce masa Kawu, matarsa kuma Inna Mairo.

Sun zo aikin Hajji a shekarar 1979. Da aka gama, jirgin alhazansu ya tashi ba su. Kawu ya ce wa Inna shekara ɗaya kawai zai yi, ya sami abin sayen shanun noma su koma. Ya fara da dako a kasuwar Bab Makka, yana ɗaukar bandir-bandir na yadi daga mota zuwa shago. A lokacin mutanen Jidda suna kafa dogayen eriya a saman gidaje don su kamo tashoshin Masar daga tsallaken teku, musamman in zafi ya yi nauyi. Wani Bayamane mai gyaran talabijin ya ga Kawu ba ya tsoron tsawo, ya ɗauke shi. Da Bayamanen ya koma ƙasarsu, sai ya bar masa tsani da sifana.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juya eriya, ɗaya yana gaban talabijin yana faɗin abin da yake gani. Matsalar ita ce da rana masu gida suna wurin aiki, mata kuma ba za su buɗe wa baƙon namiji ƙofa ba. Sauran masu sana'ar sai su jira yamma ko ranar hutu. Kawu kuwa sai ya riƙa zuwa da matarsa. Ita ta shiga ciki, a ba ta shayi, ta zauna kusa da taga. Shi ya hau ta matattakalar waje, bai ga fuskar kowa ba. Da haka ya sami gidajen da wasu ba sa samu. Bayan yaƙin Kuwaiti, da dish ya shigo gari, suka koma ɗaura dish, tsarinsu bai canza ba. Ya taɓa gaya wa mahaifina cewa shi hannu ne kawai, idon yana ƙasa.

Iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ba su taɓa samu ba. Wanda ba shi da ita, hanyar gida ɗaya ce gare shi: ya miƙa kansa ga jawazat, jami'an shige da fice, a tsare shi, a sa shi a jirgi, ba kuma zai sake dawowa ba. Duk shekara in alhazai suka zo, Inna takan je masaukin mutanen Kano ta nemi 'yan wajensu. Ta tambayi damina, ta tambayi wanda ya rasu, ta tambayi ko rimin bakin kasuwa yana nan. Ta dawo ta ce, "Malam, ni dai ina so in ga gida da idona." Shi kuma ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu." Ba ƙarya yake yi ba. Kowace shekara akwai gidan da ya yi wa alkawari, akwai sabon bene da ake ginawa.

Cikin mutanen da yake yi wa aiki akwai wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulghaffar, mazaunin unguwar Safa. Mutumin ya sayi wata mota mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu da bayi, irin wadda ake kira karafan, don fita da iyali jeji ko bakin teku. 'Ya'yansa suka ce ba sa zuwa in ba talabijin. Sai ya riƙa tafiya da Kawu, domin duk inda motar ta tsaya sai an sake nemo tauraron ɗan'adam daga farko. Da yaran suka girma, injin kuma ya lalace, aka jawo motar aka ajiye a wani fili nasa mai katanga a ƙarshen Safa. Lokacin da aka rushe gidan da su Kawu suke haya a Bagdadiyya, Abdulghaffar ya ce su koma cikin karafan su riƙa yi masa gadin filin.

A nan na same su lokacin da na dawo daga karatu a Malesiya, a 2007. Inna ta daina bin sa aiki, ciwon suga ya kama mata ƙafa, matasan masu sana'ar kuma sun zo da wata 'yar na'ura mai ƙara da take nuna musu tauraro ba tare da kowa ya leƙo ta taga ba. Tana zaune a bakin gado, sanye da wani tabarau mai kauri da Kawu ya sayo mata a Bab Makka. Na gaishe ta.

"Jabiru ne? Hausarka ta karkace," in ji ta. "Zauna mu ga ko hannunka yana tuna tuwo."

Ta miƙa hannu ta ɗauko kwano ba tare da ta waiwaya ba. Komai na ɗakin yana inda hannunta zai kai. Ban kawo komai a raina ba.

Wani abokin sana'ar Kawu, Souleymane, mutumin Damagaram, shi ya kawo masa labarin cewa ana iya kama wata tashar Nijeriya a Jidda. Tauraron yana can ƙasa-ƙasa ta yamma, wajen teku, kuma sai da babban dish. Kawu bai yi barci sosai ba a makon. Ya samo tsohon dish daga wani bene da ake rushewa, faɗinsa ya kusa kai na motar. A ƙasa ba zai yi ba, katanga ta tare yamma. Dole sai saman karafan. Ya jera bulo a ƙarƙashin motar don kada ta riƙa lilo in mutum ya motsa, domin ɗan motsi kaɗan yakan ɓatar da hoto. Ya aiko a kira ni ranar Alhamis bayan la'asar in taya shi ɗaga ƙarfen.

"Tunda na kasa kai ta gida, bari in kawo mata gidan," ya ce mini muna ɗaure ƙusoshi. Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Da muka gama ɗaurawa ya ce in sauka, nauyin mutum biyu ya yi wa rufin yawa. Na shiga ciki. Talabijin yana kan wani katako a ƙarshen gado. A fuskarsa babu komai sai wani layi wanda yake tsawo ya zama kore in dish ya fuskanci tauraro. Inna ta gyara zama kusa da taga, ta gyara tabarau.

"Hajiya, kin shirya?" ya kira daga sama.

"Tun kafin a haifi Jabiru nake a shirye. Juya."

Muka ji ƙarfe yana ƙara. Layin ya ɗan motsa, ya koma. Inna ba ta ce komai ba. Ya sake motsi, wannan karon ya kai rabi, ya yi kore, ya faɗi. Ba ta ce komai ba.

"Akwai wani abu?"

"Ci gaba, Malam."

Na juya na dube ta. Fuskarta tana wajen talabijin, amma ba daidai ba, ta ɗan karkata wajen labulen da rana take bugawa. Ta lalubo hannun rigata ta riƙe.

"Ka faɗa mini a hankali, ni in faɗa masa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Muryata ya saba da ita."

"Inna, tun yaushe?"

"Mutum yana kan rufi, kana tambaya. Me ka gani?"

Haka muka yi. Na ce hagu, ta ɗaga murya ta ce hagu. Na ce ya wuce, ta ce, "Ka wuce, Malam, kullum sai ka wuce. Dawo kaɗan." Ya amsa daga sama cewa shekara nawa tana faɗa masa haka bai taɓa faɗowa ba. Layin ya cika, ya tsaya. Na raɗa mata. Ta ce, "Tsaya nan. Halas, ya yi, ɗaure."

Ya sauko yana haki, rigarsa ta jiƙe. Ya karɓi rimot ya nemo tashar da kansa. Hoto ya fito tas. An dace ba shiri ake yi ba, kiɗan garaya kawai suka sa, suna nuna wani faffaɗan titi a Abuja, da motoci da dogayen gine-gine. Kawu ya tsaya a gefena, ba halin in yi raɗa.

"To, Hajiya, ga ƙasarku. Me kika gani?"

Ta saurari garayar, ta yi murmushi.

"Masha Allah. Dubi gonaki. Bana dawa ta yi kyau."

Kawu ya dubi talabijin, ya dube ta. Ya taka a hankali ya tsaya a tsakaninta da talabijin, jikinsa ya rufe hoton gaba ɗaya. Inna ta ci gaba da gyaɗa kai.

"Kore shar," ta ce. "Kamar bayan gidanmu."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, sifana tana hannunsa.

"Mairo."

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar. Ta cire hannunta daga rigata.

"Tun kafin azumi," ta ce. "Ina ganin haske in an buɗe ƙofa. Shi ke nan."

"Tabarau ɗin fa?"

"Kowa ya ce ya yi mini kyau."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ka kai ni wane asibiti, da wace takarda? Kuma na ji kana ta fama da ƙarfen nan. Na ce bari dai ka gama."

Na fita na bar su. Garayar tana ta yi har aka kira magariba.

Abdulghaffar ya kai ta wurin wani likitan ido mai zaman kansa, na bi su don in yi tafinta. Likitan ya duba ya ce sugan ya riga ya cinye bayan idon, da an zo da wuri da an tsayar da shi. A mota Kawu ya ce gobe-goben nan za su je su miƙa kansu, ko a ƙafa ne sai ya kai ta Bichi.

"In je in ga me?" in ji Inna. "A nan na san inda buta take, na san inda ƙofa take. Can sai a zaunar da ni a ɗakin wani, yara suna jan hannuna. Waɗanda na sani duk sun mutu, waɗanda suka rage ba zan ga tsufansu ba. Bar ni inda nake, Malam."

Ya roƙe ta, ya turo mahaifiyata ta roƙe ta. Ba ta canza ba. Shi ne yanzu mai cewa a tafi, ita mai cewa a bari.

Ya rage fita aiki. Kullum bayan la'asar sai ya kunna tashar, ya zauna kusa da ita yana faɗa mata abin da ake nunawa. Wata rana na je na tarar da su. A talabijin wasu mutane ne cikin manyan riguna a zaune a ɗakin taro, ɗaya yana karanta jawabi. Kawu ya rage sautin, yana cewa, "Ga hadari ya haɗo ta gabas. Ga wata mata tana kwashe shanya da gudu. Ga awaki sun fake a gindin rumbu."

"Malam," ta ce, "ana ruwa ana jawabin kwamishina?"

"A rumfa yake."

"To, Allah ya sa kada takardarsa ta jiƙe. Awakin nawa ne?"

Ya faɗa mata, har da launinsu. Ta ce baƙar tasu ce, ta gane ta.

Ta rasu cikin zafin shekarar 2009, a kan gadon nan na karafan, aka binne ta a Jidda. Bayan arba'in Kawu ya ba Souleymane tsani da sifana. Souleymane ya tambaye shi ko a sauke dish ɗin, ya ce a bar shi, daidai yake, kada a taɓa. Ni na kai shi ƙarƙashin gadar da marasa iƙama suke taruwa suna jiran motar jawazat. Jaka ɗaya ce a hannunsa. Tabarau ɗin Inna yana aljihun gaban rigarsa.

Da damina ta zagayo na same shi a wayar wani ɗan ƙaninsa. Na tambaye shi gida. Ya ce lafiya lau, an karɓe shi, an ba shi ɗaki. Ya ce rimin bakin kasuwa yana nan, ya ƙara girma. Ya ce jiya ma an yi ruwa, bayan gidansu Inna ya yi kore, dawa ta kai kafaɗa.



"Ina ta gani, Jabiru," ya ce. "Ba wanda zan faɗa wa."