Gurguzun Kaka a Bayan Gidanmu na Tottenham

Wata Asabar a ƙarshen Fabrairun 1975, na leƙa ta tagar kicin na hango Ummanmu a bayan gida, sanye da kwat ɗin Abba a kan zaninta, ba takalmi a ƙafarta. An kwana ana ruwa. Ta ja kunya biyu a ɗan filin nan da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, tana jefa iri tana rufewa da diddige, kamar yadda ake yi a gonar gidansu a Malumfashi. Ina da shekara bakwai, kuma abin da ya fi damuna shi ne kada 'ya'yan maƙwabta su gan ta.

Karatun likita ne ya kawo Abba Landan, a shekarun da kuɗin mai suka sa gwamnati tura ɗalibai waje da iyalansu. Umma kuwa 'yar manoma ce gaba da baya. Ranar da za mu taso, mahaifiyarta, wadda muke kira Kaka, ta ƙulle mata gurguzu, wato irin yakuwa, a wani tsumman atamfa, ta ce ko'ina mutum ya je ya tafi da miyarsa. Ba mu cika shekara ba saƙon rasuwar Kaka ya iso. Umma ba ta samu zuwa ko ta'aziyya ba. Ƙullin nan shi ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannun uwarta zuwa nata.

Mun sha aiki kafin ranar shukar. Ni da ƙanena Sadiƙu muka tsince fasassun kwalabe da gawayin da masu gidan na da suka bari, yatsunmu na ƙandarewa. Babu fartanya, sai wani tsohon cebur da muka samu a rumfar kwal. Umma ta yi ta tara ɓawon ƙwai da ganyen shayin da aka dafa tana zuba wa ƙasar, Sadiƙu kuma aikinsa ya tono tana ya biyo ni da ita ina ihu. A wurin Umma, in ƙasa ta sha ruwa, to shuka ta yi. Abba ya tsokane ta daga bakin ƙofa, kofin shayi a hannu: "Hajiya, garin nan fa kullum damina ce. In ruwa kike bi, har a kan gado za ki yi shuka." Ta ce masa likita ya tsaya a kan allurarsa.

Mako ya wuce, wani ya bi shi, ko tsiro babu. Da safe sai mu tarar da ƙasar ta yi fari fat, ta daskare. Ran nan Umma ta tona da yatsa, ta ciro irin ya ruɓe ya yi baƙi. Ta daɗe a tsugune. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba, har na manta da kunyar da nake ji. Abin da ya rage a ƙullin bai cika cokalin shayi ba, kuma daga ranar Abba bai ƙara tsokana ba.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne da muke kira Baba Baturke, mai tumatir a bayan gidansa. Ya leƙo ta shinge ya ce shi ma shekararsa ta farko haka ya yi asara, a nan ɗumi ake jira, a cikin ɗaki ake fara shuka. Ni na fassara mata, ina ta hura hanci. Umma ta ce, "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya." Muka wanke gwangwanayen madara, muka huda gindinsu, ta jera su a tagar kicin kusa da hitar kananzir. Dokar gida ta sauya: wanda ya bar ƙofa a buɗe ya shiga uku. Da tsiron farko ya leƙo, Sadiƙu ya ruga yana "Umma, it's out!" Ta rungume shi da hannu duk ƙullu.

Sai da ɗumi ya zauna sosai muka mayar da su waje. Uku suka rayu, suka kai ƙuguna, jajayen kara da ganye shar. Umma ta hana a taɓa su, tana jiran su yi fure ta samu iri. Amma sanyi ya riga furen dawowa. Da ta ga ganyen ya fara langaɓewa, ta tsinke shi tas, ta yi mana fate mai tsami da gyaɗa, ta aika wa Baba Baturke kwano guda. Muna ci ta ce, "Ku ci a hankali. Yau Kaka ce ta ciyar da ku." Abba ya sunkuyar da kai a kan kwanonsa.

Yanzu yakuwa ba ta wuya a Landan, a shagunan Edmonton ma sai ka zaɓa. Jikokin Umma suna cin fatena suna cewa ya yi tsami da yawa. Duk ƙarshen Fabrairu nakan jera gwangwanaye a tagata, da irin da na saya, a kan tsumman atamfar nan da ta bar mini. Suna tsirowa lafiya. Sai dai ban sake cin faten da ya kai na ranar nan ba.